Limamin Da Aka Hana Alƙalami

'Yan uwa marubuta, duk lokacin da zancen hana marubuci faɗin ra'ayinsa ya taso a taronmu, mutumin da yake faɗo mini a rai shi ne wani limamin Katolika ɗan ƙasar Amurka, Fada John Courtney Murray na ƙungiyar Jesuit. Labarinsa yana da tushe mai nisa.

Tun ƙarni na 19 Katolikan Amurka suke cikin tsaka mai wuya. Ƙasarsu ta raba gwamnati da coci, ta bar kowa da addininsa, su kuwa sun ga haka ya amfane su. Amma manyan Rum ba su gamsu ba. A 1895 Fafaroma Leo na 13 ya yaba da bunƙasar cocin Amurka, tare da gargaɗin kada a ɗauki tsarinsu abin koyi ga duniya. A 1899 kuma ya aika wa Kadinal Gibbons na Baltimore wasiƙa yana sukar masu son sassauta koyarwar coci domin ta dace da zamani. Gibbons ya amsa cewa babu mai wannan aƙida a cikin jama'arsa. Ƙura ta lafa, amma tambayar tana nan.

Ita ce Murray ya ɗauko bayan yaƙin duniya na biyu. Tsohuwar fahimta ita ce ɓata ba ta da haƙƙi, saboda haka inda Katolika suka fi yawa, gwamnati na iya taƙaita sauran addinai. Shi kuwa cewa ya yi haƙƙi na ɗan Adam ne, kuma hukuma ba ta da hurumin yanke wa zuciya abin da za ta gaskata. Kadinal Ottaviani da magoya bayansa suka taso masa, har a tsakiyar shekarun 1950 shugabanninsa suka umarce shi ya daina buga rubutu a kan wannan batu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda ya karɓi hukuncin. Bai fice daga cocin ba, bai kuma janye hujjarsa ba. Ya yi biyayya, ya ci gaba da nazari. A 1963 Kadinal Spellman na New York ya tafi da shi babban taron Batikan na biyu a matsayin masani, kuma yana cikin waɗanda suka tsara takardar 'yancin addini da aka zartar ranar 7 ga Disamba, 1965, da ƙuri'a 2,308, masu ƙi 70. Daga cikin masu adawa da ita har da Akbishop Lefebvre, wanda ya taɓa riƙe Dakar, ya kuma ɓalle daga Rum a 1988.

Wannan taro dai shi ne ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan jama'a maimakon Latin kaɗai. Waƙoƙin Hausa da kiɗan ganga da nake jiyowa daga cocin unguwarmu ranar Lahadi suna cikin 'ya'yan wannan muhawara.

Murray ya rasu a 1967, shekara biyu kacal bayan an amince da abin da aka hana shi rubutawa. Ban ce kowane marubuci da aka tsawata wa yana kan gaskiya ba, haka kuma ba kowa ne zai rayu ya ga ranar da za a wanke shi ba. Abin da nake so matasanmu su lura da shi kawai, shekarun da Murray ya yi shiru a karatu ya ƙarar da su, shi ya sa ranar da aka neme shi, aka same shi da hujja a hannu.