Fuskokin da aka sassaƙa a jan ƙarfe

Kafin 1839, shekarar da Daguerre ya fito da dabarar ɗaukar hoto a Faransa, yawancin Turawan da suka san kamannin Newton ko Galileo a bugaggiyar takarda suka gan su. Hotunan fenti suna can rataye a fadoji da gidajen attajirai, inda talaka ba ya taka ƙafa. Masassaƙa ne suka kwafo fuskokin suka kawo su kasuwa.

Aikin na masu haƙuri ne. Mutum zai goge farantin jan ƙarfe har ya yi ƙyalli, ya tokare wani ɗan ƙarfe mai tsini a tafin hannu yana turawa, ɗaya hannun yana juya farantin a kan matashin fata, kusan yadda mai zanen ƙwarya yake yi. Babu launi, sai layi kawai. Inda ake son duhu, ƙarƙashin haɓa ko kwarmin ido, sai a cusa layuka su giggitta juna. Inda haske ya bugi goshi, a bar wurin fili. Komai kuma a juye ake yin sa, dama ta koma hagu, har da rubutun sunan. In an gama a shafe farantin da tawada, a goge samansa ta rage a cikin tsagogi, a ɗora takarda mai danshi, a matse.

Shin fuskar ta yi kama da mai ita? Wannan sai sa'a. Albrecht Dürer, wanda duk Jamus babu gwani irinsa a lokacin, ya zana malamin nan Erasmus a 1520, amma bai sassaƙa hoton ba sai 1526, kuma da Erasmus ya gani bai gamsu cewa shi ne sosai ba. Na Shakespeare ya fi ban mamaki. Martin Droeshout, wanda ya yi hoton da ke gaban kundin wasanninsa na 1623, ɗan shekara 15 ne lokacin da marubucin ya rasu a 1616. Kai ya yi wa jiki girma, kafaɗun riga ba su daidaita ba. Duk da haka shi ne Shakespeare ɗin da duniya ta sani har yau, domin abokansa da suka tattara kundin sun yarda a buga shi.

Wanda ya fi burge ni shi ne Anthony van Dyck. A wajejen 1630 ya fara haɗa jerin hotunan manyan zamaninsa a birnin Antwerp: sarakuna da sarakunan yaƙi, malamai da masu mulki, sai masu zane. Kaɗan ya yi da hannunsa, saura ya miƙa wa ƙwararru irin su Paulus Pontius da Lucas Vorsterman. Bugun 1645, bayan rasuwarsa, ya ƙunshi fuskoki 100. Masu zane ne suka fi kowa yawa a ciki, kuma ba na jin kuskure ne. Mutumin ya zaunar da 'yan sana'arsa a sahu ɗaya da masu sarauta, da tufafin alfarma da kallon isa, a zamanin da wasu ke ɗaukar mai fenti ɗan ƙwadago.

Jan ƙarfe yana da laushi, layukansa sukan shafe bayan 'yan ɗaruruwan bugu. Da aka koma farantin baƙin ƙarfe mai tauri a wajejen 1820, sai aka riƙa buga dubbai, farashi ya faɗi. Tsakanin 1833 da 1837 Charles Knight ya fitar da littattafai 7 a Landan masu ɗauke da fuskoki 168, kowace da tarihin mai ita, don malamin makaranta da akawu su ma su mallaka. Daga baya kyamara ta karɓe cinikin, sana'ar ta tsira a takardun kuɗi. Shafa fuskar Sardauna a sabuwar naira 200 ka ji tudun tawada.

Kan sarki na farko a duniya, wanda Ingila ta fitar a 1840, shi ma sassaƙa shi aka yi. An ɗauko fuskar Sarauniya Victoria daga wata lambar girmamawa da William Wyon ya ƙera, bisa zanen da ya yi mata tana shekara 15. Ta rasu a 1901 tana da shekara 81, amma har zuwa wannan ranar, wasiƙun Ingila da fuskar budurwa suke yawo.