Yini Guda a Tsohuwar Panteka

Tun kafin ka shiga kasuwar Panteka da ke Tudun Wadar Kaduna, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, kunnenka zai gaya maka ka iso. Ƙarar guduma ta ko'ina, ga warin ƙonannen ƙarfe, ga tartsatsin walda yana zuba a ƙasa. Nan ake ƙera ƙofofi da gadaje da injinan niƙa, ana narka tsohon alminiyon a zuba tukwane.

Abin da ya kai ni keken motsa jiki ne. Likita ya ce in riƙa tuƙa shi saboda hawan jini, sai ranar da muka tashi daga tsohon gida aka danne shi da kaya a mota, ƙarfen da ke riƙe sirdi ya karkace. In na hau, sai ya riƙa rinjayata gefen hagu.

Rumfar wani dattijo aka nuna mini. Bai taɓa guduma ba tukuna. Maganaɗisu ya ɗauko ya manna a jikin ƙarfen, ya kama. "Alhamdu lillahi, Malam, baƙin ƙarfe ne," in ji shi. "Da alminiyon ne da ban miƙe maka ba, don tsagewa yake yi." Sannan ya kankare fentin wurin da samfefa, ya sunkuya yana duba bakin walda ko akwai tsaga. Babu. Ya ɗaura zare daga gaba zuwa baya, ya gwada tazarar kowane gefe, ya nuna mini da yatsa inda karkatar ta tsaya.

Aikin da ya biyo baya ya burge ni matuƙa. Yaronsa ya ɗura wa bututun busasshen yashi ya toshe bakinsa, don kada ya lotsa a wurin lanƙwasa. Suka ɗaure keken tam, suka sa katako tsakanin ƙarfen da jak ɗin mota, dattijon yana ɗagawa kaɗan kaɗan. Ya matsa, ya saki, ya koma kan zare. Ya ce ƙarfe yakan ɗan koma baya in an sake shi, shi ya sa ake wuce layi da ƙiris. Wuta kuwa ya ƙi sa mata hannu, wai bututun siriri ne, zafi zai raunana shi. Sau biyar aka matsa aka saki kafin zare ya daidaita.

Da ya zazzage yashin, ya shafa wa wurin fenti, ya ce in hau. Na tuƙa a tsakiyar rumfa, keke bai motsa ba.

Mai karatu, in naka ya lanƙwashe kada ka yi saurin miƙa wa 'yan gwangwan, kai shi a duba. In kuwa ka ga tsaga a ƙarƙashin sirdi, kada ka sake hawa sai mai walda ya gani.