Mai sayar da sola, ka koya muna kafin ka sayar muna



Yau da 'yan kasuwar sola muke magana. Kowa na tune da watan Agusta na 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya sa Najeriya ta katse wutar da take ba mu. Layin Birnin Kebbi shi ke ciyar da Yamai, na Katsina zuwa Gazawa kuma shi ke ba Maraɗi da Damagaram, kuma a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗin ƙasar nan daga can yake zuwa. An maido wutar a farkon 2024, amma mutane sun riga sun ɗauki darasi. Mai shago, mai sayar da ƙanƙara, tela, mai cajin waya, kowa ya nemi pano da batiri. Masu sayarwa suka yi yawa, har wanda jiya takalma yake saidawa ya koma malamin sola.

To a nan matsalar take. Mu da ke riƙe da makirofo muna jin koke iri ɗaya a layin waya: an sayi batiri da tsada, bai shekara ba ya mutu. An ce wa mutum kayan za su ɗauki firigo, da aka haɗa ko fanka ba su kai wa asuba ba. Wani kuɗin gyaɗarsa ne na shekara, wata kuma adashinta ne ta kwashe. Idan muka tambaya mi mai kanti ya faɗa lokacin ciniki, amsar ba ta wuce “ya ce mai kyau ne, ɗan asali ne”. Mai saye bai san abin da zai tambaya ba, mai sayarwa kuma bai ga dalilin yin bayani ba.

Alhali lissafin ba shi da wuya. Batiri mai volt 12 da amper 100 yana ɗauke da wat-awa 1200. Idan irin na dalma ne, wanda ya fi yawa a kasuwanninmu, rabi kaɗai ya kamata a sha, wato 600, in ana so ya daɗe. Fanka mai wat 50 da ta kwana tana juyawa awa 10 ta cinye 500. Ke nan da fanka guda da ƙwai biyu ko ukku, batirin ya gama aikinsa na dare. Pano mai wat 100 kuwa, ko da ranar ƙasarmu, abin da zai tara a wuni bai cika wuce 400 zuwa 500 ba, kuma ƙurar hunturu da zafin bazara duk suna rage shi. In babu regilater tsakanin pano da batiri, ko aka aje batirin cikin ɗakin kwano mai zafi, kwanansa ya ragu. Wanga bayani bai fi minti biyar ba, amma gidaje nawa suka yi asara don ba a yi masu shi ba?

Ɗan kasuwar da ke son suna mai ɗorewa, ga ƙofa nan a buɗe. Ya zama shi ne mutumin da ke yin wanga bayani, kuma ya riƙa yin shi kullum, ko an saya ko ba a saya ba. A bakin kanti ne, a majalisa ne, ko da saƙon murya na WhatsApp, tunda da yawa cikin iyayenmu ba su karatun boko amma kowa na jin Hausa. Wannan mako ya faɗi yadda ake goge pano da safe kafin rana ta yi zafi. Mako mai zuwa ya nuna yadda ake gane batirin da aka sake wa fenti. Wani makon ya ce wa mutane ƙarara: firigo ba ya tafiya da ƙaramin pano guda, duk wanda ya ce maku haka yana son kuɗinku ne. Bayan wata shida, in aka yi gardamar sola a unguwa, sunansa za a kira a raba gardama.

Abin da ya fi gina yarda shi ne ranar da bayanin ya hana shi ciniki. Mutum ya zo da jikka ɗari yana son kayan da za su ɗauki firigo da tele, mai kanti ya ce masa: “Alhaji, kuɗin nan ba su isa ba. Ko ka fara da fitila da fanka, ko ka jira ka ƙara.” Ranar ya rasa ciniki, amma wanga Alhaji zai ba da labarin a masallaci, a wurin suna, a tasha. Babu tallar da za mu karanta a rediyo da ta kai wannan. Mu muna iya sa a ji sunan kanti sau goma a wuni, amma shaidar da maƙwabci ke ba maƙwabci ba ta cikin abin da ake biya a ofishinmu.

Mun san abin da wasu za su ce: in na koya wa mutum, sai ya ɗauki ilimin ya je ya saya wurin mai araha. Gaskiya ne, wasu za su yi haka. Amma mai saye da ya iya lissafi ya fi wuyar cuta, kuma in ya isa wurin mai arahar ya fara tambayar wat da amper, can zai ga bambanci. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida. Wanda ya ƙone sau ɗaya, in zai sake saye, wurin wanda ya gargaɗe shi zai nufa.

Akwai kuma sharaɗi. Magana a waya ba ta ɓacewa kamar ta bakin kasuwa. Saƙon da ka yi yau ana iya tura shi har Agadas, a kuma sake kunna maka shi baɗi. Don haka kar ka faɗi abin da ba ka tabbatar ba. Wanda bai iya haɗa waya ba ya nemi ƙwararren mai aikin lantarki su yi tare. In ka ba da garanti, ka rubuta shi a takarda da kwanan wata, kuma ranar da aka maido kaya kar ka ɓuya a bayan yaron shago. Bayani mai daɗi da ba a cika shi da aiki ba ya fi shiru ɓata suna.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Alhazan Maraɗi da suka yi suna tun zamanin cinikin gyaɗa, da yawan harkarsu da Kano da Katsina a kan magana take tafiya, a ba mutum kaya bashi don an san bakinsa ɗaya ne. Abin da ya sake yau shi ne kayan sun zo da lissafin da mai saye bai gada ba. Gero kowa na iya dubawa da ido ya san mai kyau, batiri kuwa akwati ne a rufe. Shi ya sa wanda ya buɗe wa mutane abin da ke ciki ya riga sauran.

Ku kuma masu saye, kafin ku zaro kuɗi ku rubuta abin da kuke so ku kunna da awa nawa, ku ce mai kanti ya yi maku lissafi a gabanku. In ya yi fushi ko ya ce “kai dai ɗauka”, kasuwa faɗi gare ta.

Allah ya ba kowa halalinsa, ya sa albarka a nema. Sai mun haɗu a shiri na gaba.