Tukunyar Da Ta Kai Ni Kwaleji

Da Edita ya ce kowa ya kawo abin da za a buga a shafin Hausa na bana, na daɗe ina shawara da zuciyata. Abin da na ke so in faɗa abu ne da na yi shekara da shekaru ina ɓoyewa, har abokan ɗakina ba su sani ba. Amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To, ga shi: mahaifiyata mai dafa burkutu ce, kuma da kuɗin burkutu aka biya mini makaranta tun daga aji ɗaya har na shigo wannan kwaleji.

Ƙauyenmu yana cikin duwatsun Filato. Baba ya rasu ina da shekara bakwai, ya bar mu mu huɗu da 'yar gona wadda ba ta kai mu damina. Mama ba ta da wata sana'a sai wadda ta koya wurin Kaka, watau dafa giyar dawa. Da dattawan majami'armu suka ji ta soma, sai suka kira ta suka yi mata gargaɗi. Ta ce ta ji, amma yara za su ci abinci. Aka sa ta ƙarƙashin horo. Tun daga ran nan ta kan zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ba ta cin jibi, amma ba ta taɓa fasa zuwa sujada ba. Ni kuwa a makarantar mishan an koya mini sharrin giya, na kuma yarda, har wa yau ba na sha. In an tambaye ni sana'ar uwata sai in ce tana harkar hatsi.

A zangon da ya wuce aka tura mu koyon koyarwa, aka ba ni darasin kimiyya a kan yisti. Na kwafe abin da ke cikin littafi a kan allo, yara suka zuba mini ido kamar ina magana da wani bakon harshe. Can sai wata yarinya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, ko irin abin nan ne da a ke zuba wa burkutu ya yi kumfa?" Aji ya fashe da dariya. Na ji kamar ta tona mini asiri, na daka mata tsawa, na ce ba a kawo zancen mashaya a aji. Ta zauna, ba ta sake magana ba har aka tashi.

Malamin da ya zo duba ni ya jira har yara suka fita, sa'an nan ya ce, "Yarinyar nan ta miƙo maka darasinka a hannu, ka ƙi karɓa. Kai ba ka taɓa ganin yadda a ke dafa burkutu ba?" Na ce ban taɓa ba. Daren nan barci ya ƙaurace mini, domin na musunta tukunyar da ta saya mini alƙalamin da ke aljihuna.

Da aka yi hutu na koma gida, na ce wa Mama ina so ta nuna mini aikin daga farko har ƙarshe. Ta dube ni ta yi dariya, ta ce, "Yau kuma Malam ne zai shiga ajina?" Na ɗauko littafina na zauna. Ga abin da na gani.

Kayan aikin ba su da yawa: randuna uku, manyan tukwanen ƙasa biyu a kan murhu, doguwar muciya, ƙore, tabarma, da kwandon tata. Mata da yawa yanzu sun koma dafawa a rabin durom na ƙarfe don ya fi ɗaukar ruwa, amma Mama ta riƙe tukwanenta. Dutsen niƙa kaɗai ta bari, ta koma kai niƙa inji.

Da fari ta kan zaɓi jar dawa mai kyau, ta jiƙa ta kwana ɗaya, tana sake ruwan. Sa'an nan ta tsame, ta baza a ɗaki, ta rufe da ganye, tana yayyafa ruwa safe da yamma. Cikin kwana uku ko huɗu sai dawar ta fito da saiwa da tsiro. Nan ta kan shanya ta a rana har ta bushe ƙayau, ta murje, ta sheƙe, a kai niƙa. Na tambaye ta dalilin murjewa, ta ce tsiron yana da ɗaci, kuma ai na san abin da gyauron dawa ke yi wa akuya. Daga baya na karanta cewa ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da wani abu mai fid da gubar sayanaid, kuma murjewa da doguwar tafasa su ke rage shi.

Wurin da ya fi ba ni mamaki shi ne dama garin. Ta kan dama shi da ruwa a randa, ta bar shi ya kwanta. Sa'an nan ta kwashe ruwan sama a hankali ta ajiye shi dabam, ba ta ɗora shi a wuta. Abin da ya kwanta a ƙasa shi ta ke dafawa har ya yi kauri kamar kunu. In ya ɗan huce, ta sa yatsa ta ji, sai ta mayar da ruwan nan da ta ajiye. Kafin wani lokaci sai ka ga kunun ya tsinke, ka lasa ka ji zaƙi, ba kuwa wanda ya sa sukari. Na ce, "Mama, don me ba ki dafa su tare ki huta?" Ta ce, "Ruwan sama shi ne mai ƙarfin. In ya sha wuta ya mutu, giya ba ta yi."

Jama'a, wannan magana tata daidai ta ke da ta littafi. Sa'ad da ƙwayar hatsi ta tsira ta kan yi wasu sinadarai da a ke kira amilas, aikinsu shi ne su farfasa sitaci ya zama sukari don ɗan tsiro ya ci. Amma sitacin dawa ba ya nuna sai zafi ya kai wajen digiri 70 ko fiye, irin wannan zafi kuwa yana lalata sinadaran. Saboda haka dole a raba su: a dafa sitaci shi kaɗai, a tsare sinadaran cikin ruwan sanyi, sa'an nan a gama su. A shekarar 1988 Gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, manyan kamfanonin giya na ƙasar nan suka koma ga dawa, masanansu suka ci karo da wannan matsala. Kakata ta riga ta warware ta da ƙwarya da yatsa.

Bayan wannan a kan bar shi ya kwana ya yi tsami. Masu kawo tsamin ƙwayoyin bakteriya ne, dangin waɗanda ke mai da madara kindirmo, tsamin kuma yana hana miyagun ƙwayoyi yaɗuwa. Da safe a tace da kwando, dusar a ba aladu, ruwan kuwa a tafasa shi awoyi da yawa. In ya huce sarai sai a zuba abin da Mama ke kira iri, watau abin da ya kwanta a gindin randar giyar da ta wuce. Ta kan adana shi a wata 'yar ƙwarya, ba mai taɓa ta. In nata ya lalace ta kan roƙo wurin maƙwabciya kamar yadda a ke roƙon wuta. Ta gargaɗe ni cewa in aka zuba iri da sauran zafi, an yi hasarar dawa da itace duka.

Wannan iri shi ne yistin da na kasa koyarwa. Halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak, dangin naman kaza, ba a ganinta sai da madubin likita. Tana cin sukari, ta fid da barasa da iska. Iskar ita ce kumfar da ke tashi, ita ce kuma ke kumbura burodi. Da tsakar dare Mama ta tashe ni, muka kasa kunne a bakin randa, muka ji tana ta sheshsheka kamar yayyafi a kan jinka. Wani Bafaranshe, Louis Pasteur, shi ya tabbatar tun daga 1857 cewa irin wannan canji aikin halittu masu rai ne, a 1876 kuma ya buga littafi sukutum a kan giya. Mama ba ta taɓa jin sunansa ba, amma ta san iri yana mutuwa, abin da ke mutuwa kuwa ai mai rai ne.

Duka aikin ya kan ci kamar mako guda. Burkutu ba ta da ƙarfi ainun, galibi barasar cikinta kashi 3 ne zuwa 6 cikin 100, ba ta kuwa ajiyuwa. Bayan kwana biyu sai ta yi tsamin da ba mai iya sha. Don haka in ruwan sama ya watsa kasuwa, wahalar mako ta tafi a banza.

Kada wani ya ce ɗan mishan ya zo yana yabon giya. Na ga abin da ta yi wa Kawuna, wanda ya sayar da akuyoyinsa ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga hatsin iri. Na ga mata suna zuwa jan mazajensu daga ƙofar gidanmu, suna harararmu. Hayaƙin murhu ya cinye idon Mama, yanzu ba ta iya zura zare a allura. Ita ma ta san wannan duka. Ba ta sayar wa yaro, ba ta ba da bashi, in ta ga mutum ya soma layi ta kan kife ƙwaryarsa. Amma ba ta taɓa ce mini aikin ba shi da laifi ba.

Daren da zan komo, na gaya mata abin da ya faru a aji, da yadda na ce ban taɓa ganin burkutu ba. Na ce, "Mama, ki gafarta mini." Ta yi shiru tana tura itace, sa'an nan ta ce, "Ni ba ka yi mini kome ba. Yarinyar da ka tsawata wa, ita za ka nema." Na ce in na soma karɓar albashi za ta sauke tukunya. Ta ce, "Sai autanmu ya gama. Ran nan ni da kaina zan kife su, in koma bencin gaba."

'Yan'uwana masu shirin zama malamai, yaran da za a ba mu ba su zo daga gida da kai wofi ba. Wani ya san jima, wata ta san yadda a ke daddawa, wani ya san ƙira. In yaro ya ɗaga hannu ya kawo misali daga tsakar gidansu, mu saurara tukuna kafin mu tsawata.

A zango mai zuwa za a sake tura mu makarantar nan. Na riga na shirya kwalba, da sukari, da yistin burodi, da balan-balan da za mu ɗaura a bakin kwalbar mu ga ya kumbura. Amma kafin in taɓa alli, zan kira yarinyar nan gaban aji, in ce mata amsarta daidai ce, ni ne na yi kuskure.