Daga Yamai zuwa Damagaram ta sama

Dattawan da nake koya wa karatu sun sha tambayata: Malam, da gaske ne mutum yana karya kumallo a Yamai, ya yi azahar a Damagaram? Gaskiya ne, ni kaina na yi.

A damanar 2019 ina Yamai wajen ƙarin horo, sai aka yi mini waya cewa tsohuwata na kwance, jiki ya yi tsanani. Wani ɗan kasuwa ɗan garinmu ya biya mini kuɗin jirgi. Allah ya saka masa, don aljihun malamin yaƙi da jahilci ba ya ɗaukar wannan kaya.

Ga lissafin. In an bi hanyar mota, tsakanin garuruwan biyu kilomita wajen 890 ne. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Tana gangarawa Dosso, ta hau Dogondutsi da Birnin Ƙonni da Madawa, ta sake karkatowa Maraɗi, sannan Tasawa. Babbar motar fasinja tana tashi da asuba, ba ta isa sai bayan magariba. Shi kuwa jirgi ba ruwansa da kwana ko rami ko shingen jandarma. Sak yake tafiya, kilomita wajen 750.

Namu ƙarami ne mai farfela biyu, gudunsa kusan kilomita 500 a awa. Wanda ya iya rabawa zai samu awa ɗaya da rabi. Sai a ƙara lokacin hawa da na sauka, domin a nan ba ya sakin gudu. Daga filin jirgi na Diori Hamani har muka dira, agogona ya nuna awa 1 da minti 45.

Da muka tashi cikina ya ɗuri ruwa, ban ɓoye muku ba. Can na daure na leƙa. Kogin Kwara ya koma kamar igiyar guga da aka yar, gonakin hatsi kamar tabarmi. Sai gajimare ya rufe kome. Ban sake ganin ƙasa ba sai da manyan duwatsun Damagaram suka bayyana, garin da yake shi ne babban birnin ƙasarmu kafin a mai da shi Yamai a 1926.

To, a nan aikin jirgi ya ƙare. Saura kilomita 60 zuwa ƙauyenmu. Na zauna tasha har la'asar kafin mota ta cika. Inda kwalta ta ƙare na hau kabu-kabu, muka tarar ƙorama ta kawo, ba gada. A bakinta muka kwana, mu da sauro. Da hantsi na shiga gida, tafiyar ta ci kusan awa 20.

Na iske tsohuwa da sauran numfashi, alhamdu lillahi. Da ruwa ya janye, a amalanken shanu muka ɗora ta zuwa asibiti, ƙanena na riƙe da igiya, ni ina tare mata rana da tabarma.