Wa ke lissafa takunmu?

Tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai ita ce: idan mutum yana tafe yana hira, hankalinsa kacokan a kan maganar, wa ke gaya wa ƙafar hagu ta jira dama ta sauka? Amsar tana cikin lakar da ta ratsa ƙashin bayanmu.

A shekarar 1911, wani masani a Ingila mai suna Thomas Graham Brown ya yanke lakar kyanwa daga ƙwaƙwalwarta, ya kuma tsinke jijiyoyin da ke kawo saƙon ji daga ƙafafu. Duk da haka tsokokin ƙafar suka ci gaba da naɗewa da miƙewa bi da bi. Ya bayyana cewa akwai rukuni biyu na ƙwayoyin jijiya da ke danne juna. Idan na farko ya kama aiki sai ya hana na biyu motsi, har ƙarfinsa ya ragu, sannan na biyu ya karɓa. Duk wanda ya ga mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya san yadda abin yake: taɓarya ɗaya na sauka, ɗaya na tashi, babu mai ƙirga musu.

Iyo ma haka ne. Sten Grillner na ƙasar Suwidin ya shafe shekaru yana nazarin wani kifi mai siffar maciji da ake kira lamfiri. Lakarsa tana da gaɓoɓi kusan 100, kowace na juya motsi tsakanin hagu da dama, tana ɗan jinkirta wa ta gabanta, sai lanƙwasa ta gangara daga kai zuwa wutsiya. Ko an ciro lakar an sa ta a kwano, muddin an zuba mata sinadarin da ke zaburar da ita, tana fitar da wannan kiɗan.

To ina aikin ƙwaƙwalwa? Ita ke ba da izinin tashi, ta kuma tsara sauri. A 1966, Shik da Severin da Orlovsky a Mosko suka sa lantarki a wani gurbi na tushen ƙwaƙwalwar kyanwa. Da suka ƙara ƙarfinsa, tafiya ta koma sassarfa, sassarfa ta koma sukuwa.

Abin da ya sa batun ya tsaya mini shi ne mutanen da hatsarin mota ya raunata lakarsu. Sau da yawa da'irar da ke ƙasa da raunin tana nan da ranta, saƙo daga sama ne ya yanke. A 2018, ayarin Grégoire Courtine da Jocelyne Bloch a Suwizalan suka ba da rahoton cewa sun dasa wa mutum uku na'urar da ke zaburar da lakar da lantarki, bayan watanni na atisaye suka taka da taimakon abin dogarawa. Raunin bai warke ba, kuma aikin yana da tsada, amma ya nuna cewa ƙafar da ta daina motsi ba lallai ta manta tafiya ba.