Ranar da madara ta tsinke mini

Ni malamin makaranta ne a Damagaram. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da alli. Yara, yau zan ba ku labarin wani darasi da na koya a tsakar gidanmu, bakin murhu, bayan na sha kunya.

A cikin bazara ne, watan Afrilu, lokacin da ko inuwa zafi gare ta. Ɗiyata ƙarama, mai shekara huɗu, ta yi masassara. Muka kai ta gidan likita, aka ba ta magani, ta sha har ya ƙare. Jiki ya yi sanyi, amma ta ƙi abinci. A kawo tuwo, ta kau da kai. A dama kunu, ta rufe baki. Kwana uku sai ruwa kaɗan take kurɓa. Wuyanta ya yi siriri, idanunta suka faɗa. Likita ya ce mana: “Ku lallashe ta ta ci, ko kaɗan-kaɗan ne. Yaron da ba ya ci ba ya maida jiki.”

Ran nan da dare ta ce mini: “Baba, bakina ɗaci. Ina son abu mai tsami.” Na ƙudura a raina gobe zan yi mata abin sha na madara da lemun tsami. Madara ta ba ta ƙarfi, lemu ya wanke mata baki.

Ƙarshen wata ne, aljihuna ya yi sauƙi. Da na taso daga makaranta na biya Kasuwar Dole. Na sayi lemun tsami da sukari da ayaba biyu. Sauran kuɗin duka na ba wata Bafillata, ta auna mini madarar shanu, tatsar safe.

Da na iso gida, uwargida ta miƙo hannu za ta karɓa. Na ce mata ta bari, yau ni ne mai girki. Innata, wadda ta zo daga ƙauye duba jikanyarta, tana zaune bisa tabarma tana ɓarar gujiya. Ta dube ni, ba ta ce kome ba.

Na tafasa madarar, don na san ɗanyar madara tana iya ɗauke da ƙwayoyin cuta, har da na tarin fuka. Nan dai na yi daidai. Amma ban jira ta huce ba. Na yanka lemu huɗu, na matse su duka cikin tukunya. Kafin in ɗauko cokali, madara ta tsinke. Fari ya dunƙule guda-guda, ruwa ya koma gefe, tsararo, mai ɗan kore-kore. Na juya, na sake juyawa, abin sai ƙara lalacewa yake. Ɗiyata ta leƙa tukunya, ta fashe da kuka. Ni kuwa na tsaya da cokali a hannu, ga kuɗi sun tafi, ga yarinya da yunwa.

Sai Inna ta kakkaɓe zanenta, ta taso. Ta ce: “Malam, duk karatun nan ba a gaya muku madara ba ta shiri da tsami ba?” In ta kira ni Malam, na san ba’a take yi mini. Na sunkuyar da kai na ce: “Inna, a yi mini gyara.”

Ba ta zubar da kome ba. Ta shimfiɗa farin ƙyalle mai tsabta bisa ƙwarya, ta juye tukunyar, ta tace. Ta ɗaure gudajin, ta aza dutse a kai. Ta ce da yamma za a barbaɗa gishiri a soya, kamar awara. Sa’an nan ta kwance bakin zanenta, ta ciro dala arba’in, ta aiki ɗana babba maƙwabta ya sawo kindirmo.

Ga yadda ta yi, ku riƙe da kyau. Ta wanke hannuwanta da sabulu, ta wanke lemu biyu. Ta murza kowane bisa faifai da tafin hannu, don ruwansa ya saki. Ta yanka, ta matse a ƙaramin kwano, ta tsame ƴaƴan ɗaya bayan ɗaya, don suna kawo ɗaci. Ta zuba sukari cokali huɗu cikin ruwan lemun, ta motsa har ya narke. A cikin ƙwarya ta dame ayaba ɗaya nunanna da bayan ludayi, ta zuba kindirmo kamar rabin lita. Ta kafa maburgi tsakanin tafukanta, ta shiga burkawa. Tana burkawa, ɗana yana ɗiga ruwan lemu kaɗan-kaɗan. Daga ƙarshe ta ƙara rabin kofi na tafasasshen ruwa da ya kwana a randa. Cikin minti biyar abu ya yi kauri, ya yi sumul, kumfa ta taso a kai.

Ta ɗebo a ludayi, ta ce wa jikanyarta: “Ke kishiya, zo ki taya ni. In kin ƙi, in shanye, in kuma ƙwace mijin.” Yarinya ta yi murmushi, karo na farko cikin mako guda. Ta kurɓa, ta lashe leɓe, ta sake miƙo baki. Ludayi uku ta sha. Da la’asar ta ƙara, da dare ta karɓi lomar tuwo biyu. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba.

Daren nan na kunna fitila, na buɗe littattafaina, don in gane abin da ya faru. Ga abin da na samu. In aka raba madarar saniya kashi 100, wajen kashi 87 ruwa ne. Sauran su ne mai, da sukarin madara, da sinadarin gina jiki wanda ake kira kazeyin. Kazeyin yana yawo cikin madara a ƙananan ƙwayoyi, ido ba ya ganinsu. In tsami mai ƙarfi ya shiga, sai ƙwayoyin su manne da juna, su bar ruwa shi kaɗai. Zafi kuma yana gaggauta abin. Ni na haɗa duka biyu, tsami mai yawa da madara mai zafi. Ashe cuku na yi ban sani ba. Haka masu awara suke sa ruwan tsami a cikin ruwan waken suya ya dunƙule.

To, me ya hana kindirmo tsinkewa? Shi ya riga ya yi barci. Wasu ƙwayoyin halitta masu amfani sun ci sukarin madarar cikin dare, sun mai da shi tsami sannu a hankali. Saboda haka ya daskare da laushi, kuma ya saba da tsami. In an ƙara masa lemu kaɗan-kaɗan ana burkawa, ba ya rabuwa. Ayaba kuma tana ƙara masa kauri.

Shi lemu, ban da daɗi, yana da bitamin C. A cikin giram 100 na ruwan lemun tsami akwai wajen miligiram 30. Jikin mutum ba ya iya ƙera wannan bitamin, dole sai daga abinci. Wanda ya daɗe bai samu ba, dasashinsa yakan kumbura ya yi jini, haƙoransa su yi girgiɗi. A zamanin da, wannan cuta ta kashe matuƙan jiragen ruwa masu yawa, don suna yin watanni a teku ba ɗanyen abu. A shekarar 1747 wani likita mai suna James Lind ya yi gwaji da marasa lafiya 12 a cikin wani jirgin yaƙi na Ingila. Ya raba su biyu-biyu, ya ba kowane kashi magani dabam. Biyun da ya ba lemun zaƙi da na tsami su ne suka fara murmurewa, ɗayansu ma ya koma aiki bayan kwana shida. Amma sai a 1795 aka soma raba wa sojojin ruwan Ingila ruwan lemu. Mu kuwa ga shi Allah ya hore mana a garake, daga Mirriya har Timiya cikin duwatsun Ayar. Ku tuna wuta tana rage wannan bitamin, don haka ba a dafa ruwan lemu.

Kada ku ɗauka wannan abin sha magani ne. Maganin likita ne ya kori masassarar ɗiyata da ikon Allah. Nono da lemu sun buɗe mata baki, abinci ya maida mata jiki. Wanda ba shi da lafiya a fara kai shi likita.

Akwai gidajen da suke da injin markaɗe mai aiki da lantarki, da firigo mai ba da ƙanƙara. Wanda yake da su ya yi amfani da su. Wanda ba shi da su, maburgi da randa sun ishe shi. Abin lura shi ne tsabta: hannu wankakke, ƙwarya wankakkiya, ruwa mai kyau, da kindirmon da aka yi da dafaffiyar madara. A rufe saboda ƙuda, a kuma sha a ranar, don zafi yana ɓata shi.

Da yamma muka ci soyayyen cukun nan da yaji. Inna tana ci tana cewa: “Malam, kuskurenka ma da daɗi.” Kowa ya yi dariya, har da ni. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Da na tambayi Inna tun da fari, da ban sa ɗiyata kuka ba.

Ku ma in kun koma gida, ku nemi izini ku gwada. Ku zuba madara kaɗan a kofi ɗaya, kindirmo kaɗan a wani kofin. Ku ɗiga ruwan lemu a kowane, ku motsa, ku duba. Sa’an nan ku tambayi iyayenku mata ko kakanninku abin da suka sani game da nono. Gobe kowa ya zo ya faɗa wa aji abin da ya gani da abin da ya ji.